Na Goma Sha Biyat

Ni ban yi boko mai nisa ba, aji ukku anka fidda ni, amma na iya ƙirga. Matar da tad dafa wa taro abinci shekara talatin dole ta iya ƙirga. Shi ya sa ni nif fara ganin abin, tun kafin masu kwamfutar su gani.

Sunana Tambaya, nan Tambuwal nike zaune. Autata Ummulkulsum, aikinta tsare rumbun bayanai ne a wani ofishin lafiya. Yadda tab bayyana min, rumbun ga cikin kwamfuta shike, sunayen mutane ne a jere: wa anka haifa, wa anka yi wa allura, wa yak koma wani gari. Masu irin aikin ba su da yawa ƙasarmu, kuma kowa shi kaɗai ne a ofishinshi, in abu ya lalace ba shi da wanda za shi tambaya. Sai tac ce za ta haɗa su, na Tambuwal da na Kebbe, su riƙa zama Asabar ta farkon wata, daga azahar zuwa la'asar, kowa shi koya wa ɗan'uwanshi. Ba su da ɗakin taro. Nic ce ga zauren marigayi Malam, mai gidana, tunda yar rasu ba a karatu ciki, gara a ji muryar mutane.

Su biyat sunka fara. Ummu ta sha wuya. Ta hau babur har Fakku don mutum guda, ta kira waya har kunnenta shi yi zafi, ta sa doka kowa shi zo da wani. Ni abu biyu nig gaya mata: ki ba mutum abin da za shi ci, kuma ki tashi taro kan lokaci, masu nisa su isa gida da rana. Dambu da kunu sunka zama aikina. Cikin shekara biyu sunka kai goma sha biyat.

Wannan lambar tana da dalili. Akwai uwar ƙungiya mai ofishi a Sakkwato, kuma ƙa'idarta ita ce sai an ga mutum goma sha biyat sun zauna wata ukku a jere kafin a amshe su a zaman reshe. In an amshe su, za a riƙa turo masu koyarwa, a ba su takardar shaida. In an kasa, sai wata shekara. Mutanen Kebbe kuwa sun riga sun gaya wa Ummu hanyar ta ishe su, in bana ba a samu ba, su sun gaji.

Na goma sha biyat ɗin shi ne Baba Ɗangiwa, tsoho daga Kebbe. Shi ba ma'aikaci ba ne kuma, ya daɗe da aje aiki. Zamanin da anka yi jihar Sakkwato, kuɗin fetur na shigowa, ana ta buɗe ofisoshi, shi anka sa tsare katunan ma'aikata. Da yaj ji labarin taron, da kanshi yah hau mota yaz zo. Ba shi zama ciki. Guiwa na damunshi, sai shi shimfiɗa buzu bakin ƙofar zaure shi miƙe ƙafa, duk mai shiga sai ya tsallake shi. Ba shi shan sukari, don haka nika zuba mishi kunu daban a wani kofin tangaran shuɗi.

Akwai Arzika, yaron kirki amma bakinshi ba shi hutawa, kullum shina jan tsohon.

"Gafara Baba, ka janye wanga titin jirgi mu wuce."

"Tsallaka, jikana. Kai da kwamfutarka ke mutuwa in an ɗauke wuta. Katina bai taɓa neman janareto ba."

"Gara fa, Baba? Gara ba ta cin kwamfuta."

"Ita gara in ta ci, kana ganin inda tac ci."

Da damina Allah yay yi mishi cikawa, mako biyu kafin zama na farko cikin ukkun da za a ƙirga. Sun je ta'aziyya, ni ban samu zuwa ba, ƙafata ta kumbura. Na wanke kofin shuɗi nik kifa shi can saman kabad.

Sai ku san yadda suke ɗaukar sunan wanda yaz zo. Da littafi ne, kowa shi sa hannu. Daga baya sunka ce su masu rumbun bayanai ne, abin kunya ne a gan su da littafi. Atiku na Sanyinna, wanda duk yaf fi su sanin na'ura, yah haɗa musu dabara: ƙarfe biyu na Asabar ɗin, kwamfutar Ummu ta aika saƙon tes ga wayar duk sunan da ke cikin rumbunsu, wanda yaz zo shi danna ɗaya shi maida. Ita kwamfutar ta haɗa lamba ta tura Sakkwato da kanta. Ni kuma nawa ƙirgan takalma ne. In sun shige, in leƙa bakin zaure in ƙirga, in san kofi nawa zan jera.

Ran zama na farko na ƙirga takalma, ƙafa goma sha ukku, saura na Arzika da bai iso ba. Na jera kofi goma sha fuɗu. Ina tsaye da tire nig ga Arzika ya zo a makare, ya kawo bakin ƙofa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake fili.

"Gafara Baba," yac ce.

Sai yat tsaya, yad dubi ƙasa, yad dube ni. Yay yi dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Sabo, Inna."

Na lura duk wanda yaf fita alwala haka shika yi, shi ɗaga ƙafa daidai wurin, ko bai duba ba.

Da sunka watse nit tara kofuna cikin baho. Goma sha biyat. Na sake ƙirgawa. Shuɗin na ciki, da ɗigon kunu a gindinshi. Na ɗanɗana da yatsa, ba sukari. Duk kunun ranar da sukari niy yi shi.

Na kira Ummu. "Wa yas sauko da wanga kofi?"

"Wataƙila Sauda ta cikin taronmu ce, Inna, ta shigo neman ludayi."

"Sauda ko kan turmi ta hau ba ta kai saman kabad. Mutum nawa kwamfutarki tac ce?"

Tana naɗe wayar kwamfuta tac ce, "Goma sha biyat."

"Takalma goma sha fuɗu ne."

Sai taz zauna tag gaya min. Sunan Baba na nan cikin rumbun, tes ya tafi wayarshi kamar kullum, kuma an maido da ɗaya.

"To ki goge shi."

"Mu a aikinmu ba a goge mutum, Inna. Alama ake sa mishi, a rubuta ya rasu rana kaza, sai na'ura ta daina ƙirga shi."

"To ki sa."

"Inna, in na sa yanzu mun koma sha fuɗu. Ki bar ni in samo wani kafin zama na ukku, sai in gyara. Ba ni nid danna ba."

"Ba ke kid danna ba, amma ke kig gani."

Ni dai abin da Malam yak koya min, mamaci ba shi dawowa, yana inda Allah ya aje shi. Wannan ba ni shakka. Amma na san ba mu kaɗai ne cikin duniya ba. In kana kiran suna bakin ƙofa duk wata, mai sunan ba shi nan, wata rana wani za shi amsa.

Da ƙafata tas saɓe nis shiga motar Kebbe, dama ina da ta'aziyya a wuyana. Ruwa ya cinye hanya, sau biyu munka sauka anka tura. Na iske matarshi Atu cikin takaba, zaune kan tabarma da tazbaha. Munka gaisa, niy yi mata addu'a, sannan nit tambaye ta wayar marigayi.

Tar rufe baki da mayafi. "Hajiya, laifi niy yi ko? Shi yas sa ni. Da ciwo yat tsananta yac ce, Atu, in saƙon yaran nan ya shigo ki danna nan, kada lissafinsu shi ragu saboda ni. Ya nuna min wurin. Ni ban san ko har bayan ransa ne ba, sai nid danna."

Wallahi sai nij ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Kofin dai bai fita raina ba, amma nic ce ƙila Sauda ce ɗin.

Atu tam miƙo min wayar, tac ce in tafi da ita, ba ta son jin kukanta. Sannan taj jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin gado, tac ce wasiyya ce, a kai wa Ummulkulsum. Na buɗe. Katuna ne a tsaye, sun yi ja don tsufa. Atu tac ce tun zamanin aikinshi a Sakkwato ya taɓa haɗa irin wanga taro da abokan aikinshi, su tara, kowa da katinshi. In ɗayansu ya rasu ba shi yar da katin, sai shi sa almakashi shi yanke kusurwar sama ta dama, shi rubuta rana, shi maida cikin layi. Na bi su da yatsa. Takwas a yanke. Na tara, nashi, lafiya lau. Bayan su akwai sabbi farare, na yaran Ummu, da rubutu mai rawa. Har da nawa, Atu tan nuna min, wai an rubuta Inna mai kunu. Ban san sad da nit taɓa kusurwar ba.

"Ni ya hana ni yanke nashi," in ji Atu. "Yac ce aikin abokan aiki ne."

Da nid dawo, gaban Ummu nic cire batirin wayar. Wayar na sa ta ƙasan akwatin tufafina, batirin na jefa cikin gwangwanin ashana a madafa. Na tsaya kanta har tas sa alamar a kwamfuta, tan nuna min. Katin kuwa tac ce a bari sai sun taru. Har ran zama na biyu ba ta ambata ba, ni ma hidima ta ɗauke min hankali.

Ana saura kwana fuɗu zama na biyu, kwamfutarta tam mutu ɗungum. Atiku yaz zo yas sa mata sabon ciki. Su masu aikin ga suna da ɗabi'a, duk wata sai sun kwafe rumbun sun aje wani wuri, don irin wagga rana. Atiku yaɗ ɗauko kwafin ajiya yam maida, shina ta murna ba abin da yab ɓace. Ba wanda yat tuna kwafin na watan jiya ne, tun ba a sa wa Baba alama ba.

Asabar, takalma goma sha fuɗu. Ummu ba ta samo kowa ba. Ƙarfe biyu nij ji wayoyinsu na ƙara ɗaya bayan ɗaya. Can sai ga ta ta shigo madafa.

"Inna, ina wayar?"

"Tana inda nis sa ta."

"An danna."

Na buɗe gwangwanin ashana, batiri na ciki. Munka shiga ɗaki, niz zazzage akwati, waya na ƙasa, bayanta a buɗe. Ummu tak kira lambar da tata wayar, anka ce a kashe take.

Na fito na nufi zaure. Suna ciki ana gardama kan wani abu da Sauda ta rubuta a allo. Na duƙa nis sa tafin hannu a daɓen bakin ƙofa. Wurin inuwa ne, rana ba ta taɓa kai nan, kuma an yi ruwa da safe. Da ɗumi shike, irin ɗumin inda mutum yat tashi yanzu.

Na karanta Ayatul Kursiyyu nik koma ciki. Kofin shuɗi da ma na kulle shi a kabad. Ban buɗe na duba ba.

Da yamma nic ce mata, "Ki kira Sakkwato ki gaya musu."

"In ce musu mi, Inna? Wa za shi yarda?"

"Ki ce sha fuɗu kuke. Wannan kowa na yarda."

Tay yi kuka. Tac ce shekara biyu, tac ce mutanen Kebbe, tac ce saura zama guda. Tac ce ai shi kanshi Baba abin da shika so ke nan. Nic ce Baba ya gama so da ƙi, ki bar shi shi huta. Ban matsa mata ba bayan nan, ba yarinya ba ce. Amma na lura ba ta sake sa alamar ba.

Zama na ukku, uwar ƙungiya ta turo mai dubawa ta gani da idonta, wata Malama Zahara'u, doguwa mai tabarau, ba ta da yawan magana. Na yi dambun zogale da yawa. Takalma goma sha fuɗu, nata na sha biyat, ita kuwa ba a ƙirga ta. Na zauna daga ciki kusa da labule, inda nika jin komi. Nic ce cikin raina, yau dai ƙarya ta ƙare, mace mai tabarau za ta ƙirga kawuna.

Atiku yay yi bayani kan yadda ake tsare kwafin ajiya. Anka yi tambayoyi. Anka sha kunu. Malama Zahara'u ta bi su da biro tana nunawa ɗaya ɗaya, tar rubuta. Da la'asar ta matso tac ce, "To, Alhamdu lillahi. Na'ura ta ce sha biyat, ni ma sha biyat niƙ ƙirga. Malama Ummulkulsum, ki sa hannu nan."



Arzika yac ce, "Hajiya, ko kin haɗa da kanki?"

"Ban haɗa ba. Ku sha fuɗu nan ciki, da dattijon bakin ƙofa." Taj juya. "Ya fita alwala ke nan? Da niz zo ma sai da nit tsallake ƙafarshi, yac ce in yi haƙuri, guiwa ce."

Ba wanda yad dubi ƙofar. Sauda ta kama hannun ta kusa da ita. Ummu na riƙe da biro, takarda na kan cinyarta, wurin sa hannu a buɗe. Ba ta san ina kallonta ta gefen labule ba.

Sannan ta aje biron a ƙasa.

"Malama, mu goma sha fuɗu ne. Watan jiya ma sha fuɗu, wancan ma sha fuɗu. Na sha biyat ɗinmu ya rasu tun farkon damina, ni ce ban sa mishi alama ba. Na gani nis share."

Malama Zahara'u ta cire tabarau ta goge. Tad dubi bakin ƙofa, tad dubi Ummu. "Farin gemu, da hula mai ruwan ƙasa?"

"Shi ne," in ji Arzika, a hankali.

Matar tac ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tar rufe fayil. "Kin san sai baɗi ke nan."

"Na sani."

Nan niɗ ɗaga labule nis shigo da akwatin katako da almakashina na ɗinki. Na aje gaban Ummu, nig gaya musu abin da Atu tac ce. Ummu taz zaro katin. Sai Arzika yak karɓa.

"Kawo, ni ne jikanshi." Yay yanke kusurwar, yar rubuta rana. "Gafara Baba," yac ce, yam maida katin cikin layi bayan takwas ɗin.

Ummu ta sa alama a kwamfuta. Nic ce ban yarda ba, a fiddo duk inda anka ɓoye kwafi. Atiku yaf fiddo na aljihunshi, Sauda tana da wani a jakarta, akwai wani a ofishin Ummu, da babur anka je anka ɗauko. Ɗaya bayan ɗaya sunka buɗe sunka rubuta mishi ya rasu. Ran nan kaɗai taro yaw wuce lokaci. Munka yi mishi addu'a, har da Malama Zahara'u, wadda da za ta fita ta bi ta gefen ƙofa tana manne da bango.

Da sunka tafi nib buɗe kabad. Kofin shuɗi na nan a kife, busasshe. Washegari na aika wa Atu da shi.

Wata mai zuwa mutum tara sunka zo. Na Kebbe ukku sun cika maganarsu, ba su dawo ba, wasu biyu kuma ba su ba da dalili ba. Ummu ta koma hawan babur da kiran waya. Yanzu su goma sha biyu ne, akwai wata sabuwa daga Fakku mai yawan tambaya. Sun dawo da littafi, kowa shi sa hannu da biro, sannan a danna waya, sannan Ummu ta leƙo madafa ta ce, "Inna, takalma nawa?" Sai ukkun sun yi daidai take turawa.

Bakin ƙofar kuwa ni nika zama yanzu, da kujerata 'yar tsugune, ina tsince zogale. Kafin in zauna nakan sa hannu a daɓen. Da sanyinshi.